Wa Ke Ciyar da Ɗan Ai-Ti? Tarihin SIWES Daga Zauren Wani Gida a Agege

A makon jiya ɗan ƙanwata da ke karatun injiniyan lantarki a wata jami'a a Arewa ya bugo mani waya. Bayan gaisuwa sai ya ce, "Kawu, an ba mu takardar Ai-Ti, wata shida ne, kuma a Legas nake so in yi." Na ce masa to, bari in duba. Da na ajiye wayar na daɗe ina zaune, domin ban san inda zan sauke shi ba. Da mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, yana raye, ko tambaya ba za a yi ba, sai dai mu ga yaro ya sauko da jakarsa. Wannan ne ya sa na ce bari in ɗan waiwayi asalin wannan abu da yara ke kira Ai-Ti, gwamnati kuma ke kira SIWES.

Ga mai karatun da bai sani ba, tsari ne da ya wajabta wa ɗalibin injiniya, da na wasu fannonin kimiyya da sana'a, ya bar aji ya je masana'anta ya yi aiki da hannunsa kafin a ba shi digiri. A yawancin jami'o'i mai karatun injiniya yakan yi wata shida a shekararsa ta huɗu. Ana ba shi logbuk ya riƙa rubuta abin da ya yi kullum, ogansa na wurin aiki ya sa hannu, malami ya zo daga makaranta ya duba shi.

Tunanin ba a nan ya samo asali ba. A 1906 wani malamin injiniya mai suna Herman Schneider ya fara shi a Jami'ar Cincinnati ta Amurka. Ya raba ɗalibai gida biyu, waɗannan suna aji waɗancan suna masana'anta, sai a yi musanya. A can masana'antar ce ke biyan ɗalibi lada, saboda aiki yake yi mata. A riƙe wannan, don nan ne muka sha bamban da su.

A Nijeriya kuwa, bayan yaƙin basasa kuɗin fetur ya fara shigowa, aka kuma yi dokar mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa a 1972. Sai masu masana'antu suka riƙa kukan cewa injiniyoyin da ke fitowa daga Zariya da Nsukka da Legas sun san lissafi, amma in an kai su gaban inji sai su tsaya suna kallo. Gwamnatin Janar Gowon ta riga ta kafa Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu, wato ITF, a 1971, wanda hedikwatarsa ke Jos. Shi ne ya ƙirƙiro SIWES a 1973, ya kuma ɗauki nauyin alawus ɗin ɗalibai. Da nauyin ya yi yawa, a 1979 aka miƙa tsarin ga hukumar jami'o'i ta NUC da ta makarantun fasaha, NBTE. Bai yi daɗi a can ba, a tsakiyar shekarun 1980 aka maido wa ITF shi, gwamnatin tarayya na ba da kuɗin. Wato tun farko gwamnati ce ta ce za ta biya, masana'anta kuwa wuri kawai aka roƙe ta ta bayar, in ta ga dama ta ƙara wa yaro ɗan abin mota.

To me ya haɗa wannan da Agege? Dogo ne. An fara shimfiɗa layin jirgin ƙasa daga Legas a 1896, ya isa Ibadan a 1901, zuwa 1912 jirgi na kai kaya Kano. Agege tasha ce a kan wannan layi, ga gonakin goro kewaye da ita. Fataken da kakanninsu ke shan wata da watanni a hanyar Gwanja sai suka ga goro ya zo bakin dogo. Suka sauka, aka kafa Zango, shanu na gangarowa goro na hawa. Da su suka zo da tsarin fatoma: baƙo ya sauka gidan maigida, a ba shi wurin kwana da abinci, a adana masa kuɗinsa, a haɗa shi da mai saye, a tsaya masa in rigima ta taso. Wani Bature masani, Abner Cohen, ya yi nazarin irin wannan tsari a Sabo ta Ibadan, littafinsa ya fito a 1969. Ni dai ban buƙaci littafi ba, a cikinsa na tashi.

Sai kuma Allah Ya sa gwamnatin tsohuwar Jihar Yamma ta kafa unguwar masana'antu a Ikeja wajen ƙarshen shekarun 1950, maƙwabciyarmu. Titin Oba Akran, Ogba, Oregun, duk tafiyar mota guda ce daga Pen Cinema. Masaƙu, kamfanin taya, masu kwanon rufi, masu fenti da batir. Saboda haka da aka fara turo ɗalibai, yaron Katsina ko Gusau da ya sami gurbi a Ikeja ba ya neman otal. Ubansa zai ba shi wasiƙa zuwa ga Alhaji wane mai goro a Agege, shi ke nan.

Ina tuna su sarai a shekarun 1980, ina ɗan firamare. A ɗakin da ke jikin zaure suke kwana, inda ake jibge huhunan goro, su uku ko huɗu a kan tabarma. Bayan Asuba mahaifiyarmu ta aiko da koko da ƙosai, su rataya jaka su tafi kama moluwe. Da Magariba su dawo hannu duk baƙin mai, su zauna ƙarƙashin fitila suna cika logbuk. Akwai ɗaya, dogo, daga wajen Sakkwato, wanda ya taɓa kwance injin markaɗen unguwarmu gaba ɗaya ya mayar, mata suka yi ta sa masa albarka. Ranar da zai tafi ya kawo wa Baba kuɗi a ambulan. Baba ya ce, "Haba ɗana, ai mahaifinka ya sauke ni a gidansa tun ba a haife ka ba. Mayar aljihu." A ƙarshe sai fankar zaure ya gyara mana.

Babu wani lissafin gwamnati da za ka ga kokon nan a ciki, amma shi ya riƙe tsarin ga yaranmu na Arewa. Kuma ba baƙon abu ba ne a wurin su Baba. A al'adarmu yaron da ke koyon sana'a, ɗinki ne ko ƙira ko fatauci, cinsa da kwanansa da suturarsa na kan ubangidansa, in ya ƙware a yanka masa jari. Abin da ya ɗaure wa Baba kai shi ne yadda za a ce kamfani ya sa yaro aiki wata shida amma ko tuwon rana bai ba shi ba. Sau da yawa yakan tambaya, "To wai su wa ye iyayen gidan nasu?"

Daga 1986, da aka shigo da tsarin tsuke bakin aljihu na SAP, darajar naira ta faɗi, kayan gyaran inji suka yi tsada, ga rashin wuta. Arewa ce ta fi shan kashi. Kaduna da ta fara da masaƙar KTL a 1957 ta wayi gari masaƙunta na rufewa ɗaya bayan ɗaya, har babbarsu UNTL ta rufe a 2007. Bompai da Sharaɗa da Challawa a Kano suka cika da rumbuna a kulle. Kudu ma ba ta tsira ba: Michelin ta bar ƙera taya a Nijeriya a 2007, Dunlop ta Ikeja ta bi bayanta a 2008. Wasu rumbunan Ikeja sun koma coci ko wurin biki. A daidai wannan lokaci jami'o'i suka yi ta ƙaruwa, na tarayya da na jiha da masu zaman kansu, da yawansu da tsangayar injiniya. Masu neman gurbi suka ninka, gurabun suka ragu.

Alawus ɗin kuma ya tsaya cak. Naira 2,500 a wata, wato 15,000 na wata shida. Da mafi ƙarancin albashi yake 5,500 a 2000, wannan kuɗi na da ɗan auki. Albashi ya koma 18,000 a 2011, ya koma 30,000 a 2019, alawus na nan inda yake. Yanzu mafi ƙarancin albashi 70,000 ne tun 2024, kuma bayan cire tallafin fetur a 2023 kuɗin danfo daga Agege zuwa Apapa da dawowa na 'yan kwanaki ya isa ya cinye 2,500. An gyara dokar ITF a 2011 don ƙarin kamfanoni su riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na albashin ma'aikatansu a asusun horo, amma wannan bai sa kamfani ya ɗauki ɗalibi ko ya biya shi ba. Akwai manyan kamfanoni na mai da sadarwa da siminti da ke biya da kyau, sai dai ƙofar ƙarama ce, kuma sau da yawa sai da wanda ya san wani.

Ɗalibi na ƙarshe da ya sauka gidanmu kafin rasuwar Baba ya yi mako uku yana yawo da takardarsa. Wani wurin maigadi ma bai bari ya wuce ƙofa ba. Wani kamfani ya karɓe shi, sai ya tarar aikinsa sayo wa ma'aikata abinci da ɗaukar hoton takardu. Ya bari, ya koma wurin wani Bayarabe mai naɗa wayar janareta a bayan tasha. Ya ce mani abin da ya koya a rumfar nan cikin wata huɗu ya fi na shekara uku a aji, amma mutumin ba shi da rajista ba shi da hatimi, don haka sai da aka nemo wani ofis ya buga masa tambari a logbuk. Ban yaba wannan ba, ban kuma iya zarginsa ba.

Gidan namu an raba gado. Ɗakin goron nan yanzu shaguna biyu ne, ɗaya na cajin waya ɗaya na POS, kuma hayarsu ce ke ciyar da marayun yayanmu, babu mai cewa a tashe su. Goron ma a tirela yake tafiya, fatake suna tura kuɗi ta waya, ba sa kwana. Jirgin Red Line da ya fara ɗaukar fasinja a 2024 yana tsayawa a Agege da Ikeja da Oshodi, wannan kam zai rage wa yaro wahalar hanya.

Jiya na sake kiran ɗan ƙanwar tawa. Na ce ya taho, zai kwana a falo da yarana maza, in ya so a naɗe katifa da safe. Wani abokina mai haɗa sola a Ogba ya ce zai ɗauke shi, zai riƙa ba shi na mota da na abincin rana, kuma yana da rajista da hatimi. Maman yara ta ce in tambaye shi ko yana cin garin rogo, don gero ya yi tsada a kasuwar Agege.