Tarihin Awon Bitamin D a Cikin Jini

A yau idan likita ya yi zaton mutum na da ƙarancin bitamin D, sai ya sa a ɗebi jininsa a kai ɗakin gwaje-gwaje, cikin 'yan kwanaki amsa ta fito. Mai karatu zai ɗauka abin ya daɗe haka, alhali kuwa sai da masana suka yi shekaru fiye da ɗari uku suna lalube kafin su kai ga wannan.

Asalin maganar ciwon nan ne da ke lanƙwasa ƙasusuwan yara, ya bar su da gwame ko ƙafafu kamar baka. A shekarar 1650 wani likitan Ingila, Francis Glisson, ya wallafa littafi a kansa, amma bai san sanadinsa ba. Da masana'antu suka yawaita a Turai, hayaƙi ya tare rana a birane, ciwon ya yi ƙamari a unguwannin talakawa. A 1822 Sniadecki ya lura yaran birnin Warso sun fi na ƙauye kamuwa, ya ce rashin rana ne, ba a kula da shi ba.

Haske ya fara bayyana a 1919. Edward Mellanby ya tsare 'yan kwikwiyo a ɗaki har suka kamu, sa'an nan ya kare su da man hantar kifi. A shekarar nan kuma Huldschinsky ya warkar da yara a Balin da hasken wata fitila ta musamman. A 1922 McCollum na Amurka ya nuna cewa abin da ke cikin man nan sinadari ne dabam, aka raɗa masa bitamin D. Amma fa a zamanin nan ɓera ne ma'auni. Sai a sa masa ciwon, a ciyar da shi abin da ake son aunawa, a yanka shi a duba ƙashinsa.

Abin da ya buɗe ƙofar awon jini shi ne gano hanyar da bitamin ɗin ke bi a jiki. A 1968 Hector DeLuca da abokan aikinsa a Jami'ar Wisconsin suka tantance siffar da hanta ke mayar da shi, a 1970 kuma Fraser da Kodicek suka nuna ƙoda ce ke ƙarasa shi ya zama mai aiki. Na hanta yana yin makonni a jini, na ƙoda kuwa sa'o'i ne kawai, shi ya sa na hanta ake aunawa don a san ajiyar jiki. Haddad da Chyu suka fito da hanyar awonsa a 1971, Hollis da Napoli suka kawo wata sabuwa a 1985.

Mu ma awon nan ya yi mana rana. An daɗe ana mamakin yadda yara ke kamuwa da ciwon a ƙasar da rana ba ta yankewa. A Jos, Tom Thacher da abokansa suka yi bincike a kan yara 123, aka buga sakamakon a 1999. Da yawansu bitamin D na jininsu bai yi ƙasa ainun ba, ashe kalsiyam ne ya yi ƙaranci a abincinsu. Waɗanda aka ba kalsiyam, ko shi kaɗai ko haɗe da bitamin D, sun fi waɗanda aka ba bitamin ɗin zalla samun sauƙi.

Sai dai gardama ba ta ƙare ba. A ƙarshen 2010 wata hukumar likitanci ta Amurka ta ce nanogiram 20 a mililita ɗaya ya ishi yawancin mutane. A 2011 ƙungiyar likitocin sinadaran jiki ta ce 30, sa'an nan a 2024 ta janye wannan adadi, ta ce masu lafiya ba sa bukatar awon barkatai.

Saboda haka, 'yan'uwa ɗalibai, idan muka ga ƙafar yaro ta fara lanƙwashewa, kada mu ce gado ne mu zura ido. A kai shi asibiti tun da wuri, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya ƙara mana lafiya, amin.