Kare fentin sabuwar mota daga rana da ƙura: magungunan shafawa da iyakarsu

Wanda ya sayi sabuwar mota a Yamai ko Maraɗi, ko wadda ta iso tsaf daga tashar jiragen ruwa ta Lome ko Kwatano, ba ya daɗewa sai an yi masa tallan maganin da za a shafa mata don kada fentinta ya dushe. Magungunan suna da amfani, kuma mota mai kyan jiki ta fi daraja ranar sayarwa. Sai dai kowane yana da iyaka.

Abin da ake karewa

Fentin mota hawa huɗu ne: maganin tsatsa, shimfiɗar farko, launi, sannan wani fenti garai-garai a sama da ake kira verni, wanda shi ne ke ba da ƙyalli. Kaurinsu duka yakan kama daga mikron 100 zuwa 150, mikron kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Verni kaɗai bai cika wuce mikron 50 ba, wato rabin kaurin takarda. In ya cinye, sai dai a sake fenti.

A Sahel abokan gabarsa huɗu ne. Akwai rana, musamman a Afrilu da Mayu lokacin da zafi kan kai digiri 45. Akwai kashin tsuntsaye da ƙaron itatuwa, waɗanda ke cin verni in sun bushe a kansa. Akwai ruwa mai gishirin ƙasa da ke barin farin tabo. Mafi ɓarna shi ne rairayi: a ma'aunin tauri na Mohs ƙwayarsa tana kan 7, gilashi kuma wajen 5,5. Abin da ke karce gilashi ba zai bar fenti ba.

Magungunan fenti

Kakin carnauba, da ake samu daga ganyen wani itace irin giginya a Brazil, shi ne mafi araha. Yana ba da ƙyalli, amma a zafi irin na Tahoua makonni kaɗan yake yi. Akwai na haɗin masana'anta wanda kan kai kamar wata shida.

Seramik ruwa ne mai sinadarin silika da ke daskarewa ya manne da verni. Kaurinsa mikron 1 zuwa 2 ne. Yana sa ruwa ya zame, dauɗa ta rage kamawa, wanki ya yi sauƙi, kuma masu yinsa na cewa yana yin shekara 2 zuwa 5. Alamar “9H” da ake gani a kwalbarsa ma'aunin taurin fensir ce, ba ta Mohs ba, don haka rairayi na karce shi. Kafin a shafa shi dole a wanke motar, a goge duk wani karce, a yi aikin a inuwa inda ƙura ba ta shiga, a kuma hana ruwa taɓa shi aƙalla kwana ɗaya. Duk dattin da aka rufe a ƙarƙashinsa ya zauna ke nan.

Abin da ke tare tsakuwa shi ne leda garai-garai mai kaurin mikron 150 zuwa 200 da ake liƙawa a kan fenti. Ita ce mafi tsada, shi ya sa aka fi sa ta a gaban mota da ƙasan ƙofofi. Ta fi dacewa da mai yawan bin hanyar jar ƙasa.

Fentin da aka yi a masana'anta an gasa shi, ana iya shafa masa magani nan take. Wanda aka fesa a garaji sai ya yi aƙalla wata ɗaya ya gama bushewa.

Gilashi da roba

Akwai maganin gilashi irin su Rain-X da ke sa ruwan sama ya gangare, abin da ke taimakon direba da damina. Da hunturu kuwa, kada a kunna abin share gilashi a kan busasshiyar ƙura: ƙananan karcen da yake bari su ne ke watsa hasken fitila a idon direba da dare. Kafin a liƙa baƙar leda a gilashi, a tambayi ƴan sanda abin da doka ta yarda da shi.

Baƙar robar gefen mota da murfin fitilun gaba rana ce ke sa su yin fari ko rawaya. Suna da nasu maganin, kakin fenti kuwa tabo yake bar musu.

Cikin mota

Motar da aka rufe a rana, gabanta na ciki kan wuce digiri 70, har roba ta tsage. A zaɓi magani marar ƙyalli, domin mai maiƙo yana jawo ƙura, yana kuma haska gilashin gaba. Kada a shafa komai a sitiyari ko birki, santsinsa haɗari ne. Kujerun yadi suna da feshin da ke hana ruwa shiga, na fata kuma man da ke hana su bushewa. Abin tare rana da ake shimfiɗawa a bayan gilashi ya fi su duka araha.

Wanki

Galibin karcen da ake gani a jikin mota daga wanki yake, musamman goge ƙura da busasshen tsumma kowace safiya. A fara kwarara ruwa ya tafi da rairayi, a yi amfani da bokiti biyu, ɗaya na sabulu ɗaya na ɗauraye tsumma, a fara daga sama a ƙare da tayoyi. Omo da sabulun wanke kwano suna cire kaki. A yi wankin a inuwa, a tsane ruwan kafin ya bushe da kansa. Seramik ɗin da aka biya da tsada, in ana goge shi a bushe, ƙyallinsa ba zai daɗe ba.