Daga Alamar Buhu Zuwa Allon Shago: Tarihin Rubutun Kasuwancinmu A Nima Da Mamobi

Cikin abubuwan da za a yanke shawara a kansu bayan wannan biki na zagayowar ranar kafa ƙungiyarmu akwai biyu da suka shafi rubutu: sauya tambarin ƙungiya, da buɗe rajistar alamomin da kowa ke sa wa kayansa. Wasu dattawa sun ce wannan aikin yara ne masu kwamfuta. Mu a ofishin magatakarda muna ganin maganar ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba, shi ya sa muka ga ya dace mu waiwaya baya kafin a ɗaga hannu.

Kakanninmu da suka bi hanyar Gwanja fataucin goro ba su da shago, balle allo. Abin da suke da shi wasiƙa ce da hannun malami. Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya zauna a Salaga kuma ya koma Kete-Krachi bayan yaƙin basasar 1892, ya rubuta littafi guda da Larabci a kan yadda ake tsara wasiƙa. Ya rasu a 1934. A wancan zamani maigida a Kumasi kan duba takarda ya gane hannun malamin da ya rubuta ta tun kafin ya karanta, kuma wannan ganewar ita ce hatimi. Rubutun nan irin na allon makarantarmu ne, mai kauri, wanda fa'un ke ɗaukar ɗigo a ƙasa, ƙafun kuma ɗigo ɗaya a sama. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Da Salaga ta watse, jama'a suka gangaro kudu. A nan Ankara aka yi Zangon Malam, sannan Sabon Zango na Malam Bako, sannan Nima da ta faro wajen 1931 a filin da Malam Amadu Futa ya samu daga iyalin Odoi Kwao. Duk da haka ba a ga buƙatar allo ba. Baƙon da ya sauka da shanu ko albasa sunan maigidansa kawai zai faɗa, yaro ya kai shi har ƙofa.

Kamfanonin Turawa ne suka cika kasuwa da tambari: UAC da aka haɗa a 1929, da CFAO, da UTC, da G.B. Ollivant. Sun san yawancin masu sayen kayansu ba sa karanta boko, sai suka dogara da hoto. Har yau ba mu cewa komai sai sabulu mai makulli, ko dunƙule mai tauraro, ko batir mai kan damisa da ya zo daga Caina daga baya. A ganinmu nan ne ma'aunin tambari yake, wato ko baki zai iya kiran sunansa. Mutumin Maraɗi da ya yi faransanci da mutumin Nima da ya yi turanci ba za su karanta kwali ɗaya ba, amma idan ɗaya ya ce a aiko masa katan hamsin mai makulli, magana ta ƙare. Tambarin da ba a iya siffanta shi a waya, ko da ya ci kuɗin zane nawa, bai ƙetare Aflao ba tukuna.

Allon shago namu na kanmu ya zo ne tare da masu fenti, waɗanda suka fara da rubutu a goshin manyan motocin katako da allunan masu aski. Aikinsu ya sami kasuwa ta hanyar da ba wanda ya so. Ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardar zama mako biyu su bar ƙasa, a 1970 kuma aka yi dokar da ta keɓe ƙananan kasuwanci ga 'yan ƙasa. Mutanen Nijeriya da Nijar da yawa suka sayar da rumfuna a farashin gaggawa suka tafi. Aka shafe sunaye, aka rubuta wasu a kai. Unguwar da iyayenmu suka sani da Lagos Town ita ce New Town ta yau, kuma abin mamaki can ne yanzu injinan buga takardu suka taru. Tun daga lokacin wasu gidaje suka koyi rubuta addu'a a allo maimakon sunan mai shago: Alheri, Nasara, Sai Haƙuri, Allah Ba Mu Sa'a. Addu'a ce da gaske, amma kuma ba ta nuna garin da mutum ya fito. Da aka rufe shagunan wasu 'yan Nijeriya a Circle a 2019 da 2020 kan dokar zuba jari ta 2013, da yawa sun tuna da wannan dabarar.

Ya kamata a yi wa masu fentin nan adalci. Mai fenti kan tsaya tsallaken titi ya dubi bangon kafin ya taɓa buroshi, domin ya san mai karatun yana cikin tirotiro ne yana wucewa. Launi biyu ko uku, baƙaƙe manya, sunan shago a sama, abin da ake sayarwa a ƙasa, shi ke nan. Fentin mai kan yi shekaru kafin ya kwaile. Cikinsu akwai waɗanda suka yi suna har waje, kamar Kwame Akoto na Almighty God Art Works a Kumasi, da masu zana fastocin finafinai a kan buhun fulawa a shekarun 1980 da 1990, waɗanda yanzu Turawa ke saye da tsada. Aibinsu ɗaya ne: da yawa ba sa jin Hausa, abin da kunnensu ya ji shi suke rubutawa.

Allunan masu abinci su ne shaida. Wake da shinkafarmu ta zama waakye da ƙa'idar rubutun Twi, ƙosai ya zama koose, tuwon zafi ya zama tuo zaafi. Ba mu ganin laifi a nan, domin mai saye Bagaye ne ko Ba'ashante ko Ewe, kuma da wannan rubutun ya san abincin. Inda iyayenmu mata suka fi mu wayo shi ne wajen farashi. Sunan abinci da fenti, kuɗi kuwa da alli. Sun ga an bar fam da sule an koma sidi a 1965, sun ga an yanke sifiri huɗu a Yulin 2007, sidi 10,000 ya zama sidi 1, sun kuma ga hauhawar farashi ta haura kashi 50 cikin 100 a ƙarshen 2022. Wadda ta buga farashinta a leda mai sheƙi a farkon shekarar nan, kafin Disamba takardu uku ta manna a kan lamba ɗaya, allon ya zama kamar rigar mabaraci.

Sai kamfanonin waya suka zo da fenti kyauta. Areeba ta zama MTN a 2007 bangaye suka koma ruwan ɗorawa, Vodafone ta karɓi Ghana Telecom wasu suka koma ja. Fentin kyauta ne, amma sunan mai shago ya koma ɗan layi a kusurwa, kuma ranar da kamfani ya sauya suna, kamar yadda Vodafone ta zama Telecel a 2024, sai ka ga kana tallar abin da babu shi.

Yau yawancinmu New Town muke zuwa a buga mana bana, wato ledar tallan nan. Tana da arha, tana fitowa rana ɗaya, kuma rana tana cinye launinta da wuri. Matsalarta babba ita ce cunkoso: hoton shinkafa, hoton taliya, hoton jirgin sama, lambar waya huɗu, salon baƙaƙe biyar, duk a kan abin da bai fi tabarma ba. Mai wucewa ba ya ɗaukar ko ɗaya. Larabcin kuma wani lokaci injin yakan juya shi daga hagu, haruffa a rarrabe, har da bisimilla, a rataye ta haka watanni. Ko ya fito daidai, salon gabas ne mai fa'un da ɗigo a sama, wanda dattijon da ya tashi da Warshu zai iya ɗauka ƙafun ne. A boko ma haka: ƙ da ɗ da ɓ da aka tsayar a Zariya a shekarun 1930, waɗanda jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta yaɗa daga 1939, ba kowane mai inji ke da su ba. Ofishin mota ya so ya ce ana karɓar saƙo zuwa Maraɗi, aka buga masa sako.

Duk wannan ado ne idan aka kwatanta da abin da ke faruwa a boda. Masu atamfa sun san rubutun bakin zane shi ne kuɗin zanen: na Vlisco daga Holan, na GTP a Tema, na ATL a Akosombo. Jabun da ke shigowa ta Lome yakan kwaikwayi tambarin har da lamba, sai mai ido ya lura baƙaƙen sun fi siriri ko launin bai ratsa bayan zanen ba. Wanda bai lura ba, shi ake ƙwace wa kaya. Akwai kuma dokar laƙabin kaya ta Ghana ta 1992, L.I. 1541, wadda ta ce bayanin kwali ya kasance da turanci. Kayan da aka loda a Kwatano ko Yamai da faransanci zalla na iya kwana a hannun hukuma, kamar yadda abinci ko magani marar lambar NAFDAC ke tsayawa a Seme.

Sai alamar buhu, wadda ita ce ta fi kawo ƙara ofishinmu. Tirela ɗaya daga Galmi takan ɗauko albasar mutum goma, kowa da haruffansa da fenti a jikin buhu. To, A.M. nawa ne a cikinmu? Abubakar Musa, Adamu Muhammadu, Alhaji Mamman, duk A.M. ne. Lokacin da Nijeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, kaya sun daɗe a hanya da sito, rana da ruwa suka cinye alamomi. Da aka mayar da kasuwar albasa daga Agbogbloshie zuwa Adjen Kotoku a 2021, 'yan dakon da suka san hannun kowa suka warwatse, sababbi kuma haruffa kawai suke gani. Mun ga aminai na shekara ashirin sun daina gaisawa a kan buhu shida.

Shawarar da ke gaban taro ita ce kowane mamba ya haɗa haruffansa da siffa ɗaya da ɗan dako zai iya kira da baki, kamar wata, ko tsani, ko takobi, da baƙin fenti a gefe biyu na buhu, kuma kada mutum biyu su riƙe siffa ɗaya. Tambarin ƙungiya kuwa, samfuri uku ne aka manna a allon ofis. Mun rage kowanne zuwa girman hatimi, muka yi masa fotokwafi sau uku a jere, domin haka zai isa hannun kwastan a Aflao ko Paga. Mai taswirar Afirka ta Yamma da hannuwa biyu da tirela ya zama baƙin tabo tun a karo na biyu. Sauran biyun suna nan a gani. Rajistar alamomi za ta kasance a buɗe kowace Laraba, ranar kasuwar Nima, daga bayan azahar zuwa la'asar, kuma wanda ya riga kawo siffa shi ke da ita.