Amsar Tambaya: Cinikin Biri a Sama

Wani mai sauraronmu yana tambaya, me ya sa kamfani ke fallasa lissafinsa kafin ya fara sayar da hannun jari?

To malam, a 1929 kasuwar hannun jari ta Amurka ta durƙushe, dukiyar jama'a ta salwanta. Shi ne a 1933 aka kafa doka: kamfanin da zai sayar wa jama'a hannun jari, tilas ya bayyana ribarsa, asararsa da bashinsa.

A 2019 takardun kamfanin WeWork suka nuna ya tafka asarar dala biliyan 1.9 a 2018. Masu saye suka ja da baya, aka fasa cinikin.

Kai ma, kafin ka biya kuɗin buhu, zura hannu ciki tukuna.