Karatun bakin idon kyamara

A Magariya ba a makaranta muka koyi ɗaukar hoto ba, a wajen uban gida ne. Kuma ba zai bar ka ka taɓa fim ba sai ka iya karanta rubutun da ke kewaye da idon kyamara. Kayan aikinmu galibi na hannu ne, ta Kano suke shigowa, ba kwali ba takarda, sai wannan rubutu kaɗai ke faɗa maka asalinsu.

Dattawan sana'ar sun fi son Yashica mai ido biyu, wadda ake leƙawa ta sama. Idon ƙasa shi ke ɗauka, a bakinsa an rubuta Yashinon 1:3.5 f=80mm; na sama na leƙe ne kawai. Fim ɗaya hoto 12, saboda haka ba a dannawa da wasa. Da ita aka yi hotunan katin shaida na mutanen ƙauye, har da na Dungas, wadda sai a 2011 aka raba ta da Magariya.

Da Zenit ta Rasha ta zo, mai nauyi kamar dutsen guga, da idonta Helios-44, sai karatun ya ƙara daɗi. A yawancinsu, lambobi biyu na farko a jerin lambar da ke bakin idon su ne shekarar ƙira. In ka ga 78, to na 1978 ne, ko da dillali ya rantse sabo ne fil. Ɗan tambarin da kibiya ta ratsa kuwa na masana'antar KMZ ne da ke Krasnogorsk, kusa da Mosko.

Na Japan a wancan lokacin suna zuwa da ɗan liƙi mai ruwan zinariya, an rubuta PASSED, shaidar hukumar JCII da aka kafa a 1954 don duba kayan da za a fitar waje. Mutanenmu sun girmama shi fiye da kima, alhali ɓamɓare shi a manna wa wani ido ba wuya. Gara ka haska tocila ta bayan idon, ka ga ko ƙurar hunturu ta shige ciki.

Karyewar darajar sefa a Janairun 1994 ta sa fim ya yi tsada, wayar hannu ta ƙarasa sauran. Yanzu samarin da ke ɗaukar biki suna neman Helios su ɗaura wa kyamarar zamani da zoben haɗi, don yadda yake murɗa bayan amarya.