Alƙawarin Ƙasa a Makarantun Gaya da Ajingi: Tarihinsa da Muhawarar Kishin Jiha

Alƙawarin ƙasa, wato 'yan jimlolin nan da ɗaliban makarantun gwamnati suke karantawa a tsaye a taron safe bayan an rera taken ƙasa, ya iso ƙasar Gaya a shekarar 1976, tare da wasu sauye-sauye biyu da suka fi shi girma. A wannan shekara ce gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta yi wa tsarin ƙananan hukumomi garambawul, Gaya ta zama ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 20 na tsohuwar Jihar Kano, kuma a watan Satumba na shekarar aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, wanda aka fi sani da UPE, wanda ya kai makarantar boko ƙauyukan da a da allo kaɗai suka sani. Saboda haka yawancin yaran karkarar gabashin Kano da suka fara shiga aji a lokacin sun tarar da alli da alƙawari sun zo musu rana guda, har suka ɗauka cewa tare aka halicce su.

Marubuciyar alƙawarin ita ce Felicia Adebola Adeyoyin, malamar Jami'ar Legas kuma 'yar asalin Saki da ke Jihar Oyo ta yanzu, wadda 'ya'yanta suka saba karanta irin wannan alƙawari a makarantun da suka yi a Amurka da Gana, suka kuma tambaye ta dalilin da ya sa Nijeriya ba ta da nata. Ta buga abin da ta rubuta a jaridar Daily Times a watan Yuli na 1976, aka kai wa shugaban ƙasa, aka ɗan yi masa gyara, sannan aka ba da umarnin a riƙa karanta shi a makarantu. Abin da ya ƙunsa bai wuce yi wa ƙasa alkawarin amana da biyayya da gaskiya da hidima da kare haɗin kanta da martabarta ba, tare da neman taimakon Allah a ƙarshe. Saurin da aka yi wajen karɓarsa yana da dalili, domin yaƙin basasa ya ƙare ne a 1970, an kafa shirin yi wa ƙasa hidima a 1973 don a cuɗanya matasan sassa daban-daban, sannan an kashe Janar Murtala Muhammad a watan Fabrairu na 1976, kwanaki kaɗan bayan ya mai da jihohi 12 zuwa 19. Masu mulki na lokacin suna ganin kishin yanki shi ne ciwon da ya kusa kashe ƙasar, don haka suka nemi su yi wa yara rigakafinsa tun daga aji ɗaya.

Kafin wannan lokaci ba a rasa abin da ake koya wa ɗan makaranta ya girmama ba. A zamanin Turawa akwai bikin Ranar Daular Ingila da ake yi a ranar 24 ga Mayu, inda 'yan makaranta ke fareti a gaban tutar Ingila, kuma a zamanin Jihar Arewa gwamnatin Sardauna Ahmadu Bello tana da tambarinta mai kirarin aiki da ibada. Amma mafi yawan mutanen ƙasar Gaya ba ta waɗannan hanyoyi suka san biyayya ba. Abin da suka sani shi ne mubaya'a, wato miƙa wuya ga shugaba bisa sharaɗin addini, da kuma caffa, wato jingina kai ga wani babba domin ya zama uban ɗaki mai kariya. Dukansu biyu ana yin su ne ga mutum mai rai wanda za a iya zuwa fadarsa a kai kuka, kuma dukansu suna ɗora wa wanda aka yi wa nauyi kamar yadda suke ɗora wa wanda ya yi. Alƙawarin 1976 ya saɓa da su ta wannan fuska, domin an yi shi ne ga abin da ba a gani, kuma ɓangare guda ne kawai yake magana a cikinsa.

Yadda ake gudanar da shi bai canza sosai ba tun daga lokacin. Ana kaɗa ƙararrawa, wadda a makarantun ƙauye da yawa tsohon ƙarfen mota ne da aka rataye a reshen dalbejiya, ɗalibai su jeru aji-aji a filin asambuli, a duba farce da tufafi, a yi addu'a, a rera taken ƙasa, sannan hedimasta ko wani malami ya ba da umarni a karanta alƙawari da murya ɗaya. Da Turanci ake karantawa, alhali tsarin ilimi na ƙasa da aka fitar a 1977 ya tanadi cewa a shekarun farko na firamare da harshen uwa ko harshen yankin za a koyar da yaro. Sakamakon haka shi ne yaron Ajingi ɗan shekara bakwai yana haddace sautin kafin ya san ma'anar, yana haɗe kalma uku ta zama ɗaya, kuma yana iya gama firamare ba a taɓa zaunar da shi an fassara masa abin da yake ɗaukar alkawari a kansa kowace safiya ba. A 1984, lokacin Yaƙi da Rashin Ɗa'a na gwamnatin Janar Muhammadu Buhari da Tunde Idiagbon, an ƙara matsa lamba a kan girmama tuta da sanin take da alƙawari har ga ma'aikatan gwamnati, abin da ya ƙarfafa haddar ba tare da ya taɓa matsalar fahimtar ba.

Kundin tsarin mulki na 1999 ya ba wa al'adar gindin zama, domin sashe na 24 ya lissafa girmama tuta da take da alƙawarin ƙasa cikin wajiban ɗan ƙasa, sashe na 15 kuma ya ɗora wa hukuma aikin tabbatar da cewa biyayya ga ƙasa ta rinjayi biyayya ga ɓangare. Sai dai tun daga kundin 1979 an shigo da ƙa'idar raba daidai, wato rarraba muƙamai da guraben aiki da na karatu tsakanin jihohi, wadda ta sa asalin jihar mutum ya zama abu mai tsada a rayuwarsa. Ɗalibin da ya yi shekara goma sha biyu yana alkawarin kare haɗin kan Nijeriya, ranar da zai nemi gurbin jami'a ko tallafin karatu ko aikin soja, takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukumar Gaya ko Ajingi ake fara tambayarsa, kuma sai ya bi ta hannun mai unguwa da dagaci da hakimi kafin ya same ta. Daga wannan saɓani ne muhawarar kishin jiha take samun ƙarfinta, domin masu goyon bayan a samar da take ko alƙawari na jiha suna cewa tun da jiha ce take ɗauke da nauyin makarantun, kuma da sunanta ake raba rabo, babu laifi yaro ya koyi ƙaunarta a fili.

Jihohin kudu maso yamma ne suka fi nisa a wannan hanya. A Osun, Gwamna Rauf Aregbesola ya fito da tuta da tambari da take na jiha a 2011, ya kuma sauya yadda ake jera sunan jihar da Turanci, lamarin da ya jawo zargin cewa ana raya kishin yanki, har wata babbar kotun jihar ta yanke hukunci a 2017 cewa sauyin sunan ya saɓa wa tsarin mulki, kuma Gwamna Ademola Adeleke ya mai da tsohon sunan da ya hau mulki a 2022. A Amurka, inda alƙawarin tuta ya samo asali a 1892, jihar Tekzas tana da nata alƙawarin dabam tun 1933, kuma wata doka ta 2003 ta sa ana karanta shi a makarantun gwamnati bayan na ƙasa, tare da ba iyaye damar neman a ɗauke wa 'ya'yansu, domin Kotun Ƙoli ta ƙasar ta riga ta yanke a 1943 cewa ba a tilasta wa ɗalibi gaida tuta. Misalin Osun ya fi kusa da Kano, kuma darasin da ke cikinsa shi ne alamar jiha takan zama ta gwamnan da ya ƙirƙiro ta, ta tashi da shi ta faɗi da shi.

A Gaya da Ajingi wannan matsala ta fi fitowa fili, saboda abin da za a ce yaro ya yi wa alkawari ya sha canza kama a cikin rayuwar mutum guda. Dattijon da aka haifa a 1960 ya buɗe ido a Jihar Arewa, ya zama ɗan Jihar Kano a ranar 27 ga Mayu 1967 lokacin da Janar Yakubu Gowon ya ƙirƙiro jihohi aka turo Audu Bako gwamna, sannan a ranar 27 ga Agusta 1991 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta yanke Jigawa, maƙwabtansa na wajen Dutse da Ringim, waɗanda yake cin kasuwa ɗaya da su kuma yake auratayya da su, suka wayi gari 'yan wata jiha. Ƙasar da take tsakiyar tsohuwar Kano ta koma bakin iyaka, kuma har yanzu ana ta neman a yanki Jihar Tiga daga Kano ta Kudu, mazaɓar dattawan da Gaya da Ajingi suke ciki. Haka abin yake ta fuskar sarauta, domin Gwamna Abubakar Rimi ya ɗaga darajar Gaya a 1981, Sabo Bakin Zuwo ya soke a 1983, Gwamna Abdullahi Umar Ganduje ya mai da ita masarauta mai daraja ta ɗaya a 2019, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya rushe dokar da ta kafa ta a watan Mayu na 2024, sannan a watan Yuli aka dawo da ita a daraja ta biyu da ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi da Albasu. A cikin watan Mayu na 2024 ɗin ne kuma Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar da ta dawo da taken ƙasa na 1960 a madadin na 1978, malamai da ɗalibai suka koma hadda tare.

Duk da wannan jujjuyawa, ba za a ce mutumin Gaya yana da ƙarancin alfahari da Kano ba, kuma ba a filin asambuli ya koye shi ba. Riwayar da ta shahara a tarihin Kano tana cewa maƙeran da suka fara zama a gindin Dala don neman tama daga Gaya suka fito, su ne ake kira Abagayawa, kuma daga sunan ɗayansu birnin ya sami nasa. Wanda ya tashi yana jin cewa garinsu ne ya haifi birni, wanda kuma garinsu ya ba jihar gwamna a 1992, wato Kabiru Ibrahim Gaya, ba ya jiran ma'aikatar ilimi ta rubuto masa dalilin ƙaunar Kano. Kishinsa yana rataye ne da gari da sarauta da sana'a da malamai, abubuwan da suka girmi iyakar da aka zana a 1967 da ɗaruruwan shekaru.

Akwai kuma ɓangaren addini, wanda duk mai son ƙara wani alƙawari a makarantun Arewa sai ya yi la'akari da shi. Muhammad Yusuf, wanda ya kafa ƙungiyar da aka fi sani da Boko Haram, ya sanya gaida tuta da karanta alƙawarin ƙasa cikin hujjojinsa na haramta makarantun gwamnati, yana cewa biyayya irin wannan ta Allah ce shi kaɗai, kuma malaman Sunna, ciki har da Sheikh Ja'afar Mahmud Adam na Kano, sun yi masa raddi a kan haramta karatun boko da aikin gwamnati. Jama'a ba su bi ra'ayinsa ba, amma ya sami kunnen da ya samu ne a wani ɓangare saboda an bar yara suna furta abin da ba a bayyana musu ba, kuma wanda ya fara fassara musu shi da Hausa shi ne ya ba shi ma'anar da ya ga dama.

Hujja mafi nauyi da masu adawa da alƙawarin jiha suke kawowa ita ce ta halin da makarantun suke ciki. Gwamnatin Ganduje ta ayyana ilimin firamare da sakandare kyauta kuma dole a 2019, gwamnatin da ta gaje ta kuma ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yuni na 2024, inda gwamnan da kansa ya bayyana cewa miliyoyin ɗalibai a ƙasa suke zama saboda rashin kujeru, ga ƙarancin azuzuwa da malamai. A ƙa'idar mubaya'a da mutanen wannan ƙasa suka gada, wanda ake yi wa biyayya ana bin sa bashin kulawa, kuma da wannan ma'auni ne iyaye a Gaya da Ajingi suke auna gwamnatin jiha idan suka ga rufin ajin da iskar damina ta yaye ya kai wata daminar ba a mayar ba.