Rawa da Kiɗa: Daga Dandali zuwa Gasar Ƙasa

Yau za mu waiwayi tarihin rawa a ƙasashen Tasawa da Mayahi. Wa ke koyar da ita a da? Wa zai koyar da ita gobe?

A zamanin kakanninmu, dandali shi ne makarantar rawa. In kaka ta yi, an kai hatsi rumbu, wata ya fito, sai ƴanmata su taru su yi gaɗa da tafi. Ƙanana suna kallon manya, har ƙafarsu ta saba. Makaɗi kuwa gado yake yi. Yaro yakan bi ubansa da ƙaramar ganga shekara da shekaru kafin a ba shi kalangu. Kowane gari yana da sarkin samari. Shi ke kiran gayya, shi ke shirya wasa. Ranar gayya, gangar noma tana bayan manoma tana zuga su.

Bayan fari da yunwar 1973, soja suka karɓi mulki ran 15 ga Afrilu 1974, Seyni Kunce ya zama shugaban ƙasa. Gwamnatinsa ta tayar da samariya a birni da ƙauye. Samari suka gina azuzuwan makaranta, suka dasa itatuwa, suka share gari. Da dare kuma su koyi rawa da waƙa.

A 1976 aka yi bikin matasa na ƙasa na farko a Damagaram. Daga nan bikin ya riƙa zagaya manyan garuruwa. Gasar tana da matakai. A lokacin, Tasawa da Mayahi suna ƙarƙashin Maraɗi. Sai ƙungiya ta yi fice a gida, sannan ta je Maraɗi. Wadda ta ci can ita ke wakiltar jiha gaban ƙasa duka. Ana gasar rawa, da waƙa, da kiɗa, da wasan kwaikwayo.

Nan ne koyar da rawa ya zama aiki. Malaman makaranta da ma'aikatan matasa suka riƙa zuwa wurin tsofaffi suna tambaya. Sai su ɗauki rawar noma ko ta biki, su tsara ta, su jera masu rawa sahu-sahu, su sa mata labari. Ta haka ɗan ƙauye ya ga birni, mutanen Yamai suka ga rawar ƙauye a talabijin.

Amma abin yana da nasa aibi. Waƙoƙi da yawa sun koma yabon gwamnati. Abin da hukuma ta riƙe kuwa, in ta saki sai ya faɗi. Kunce ya rasu a Nuwamba 1987. Bayan babban taron ƙasa na 1991 jam'iyyu suka yi yawa, samariya ta yi sanyi.

To, ƴan'uwa, tsofaffin da suka yi waɗannan wasanni suna nan cikinmu, amma suna ƙarewa. Kai da ka iya karatu yanzu, ɗauki alƙalami. Je wurin tsohon makaɗin garinku. Rubuta sunan kowace rawa, da lokacin yin ta, da gangar da ake kaɗa mata. Ka kai yara su gani, su taka. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.